Babu Kujerata a Motar Sanata

Ɗana Nicasio,

Ka yi haƙuri da rubutuna. Nan Buenos Aires ƙanwarka Zulema lafiya, ni ma haka, sai ƙafafuna da ke ɗan kumbura. Yaya jikin kakarka?

Ka san motar da Sanata Fulgencio ke aiko wa masu zaɓe kyauta ce kaɗai ke kai ni gida, don ba ni da kuɗin mota. Jiya wakilinsa ya ce, "Doña Petrona, ɗanki yana rubuta sunan abokin hamayyarmu a bango, ke kuma kina neman kujera a motarmu?"

Tun ina goyonka mutumin nan bai taɓa faɗuwa zaɓe ba, bana ma ba zai faɗi ba. Ajiye fentin nan, ko na iske mahaifiyata da rai. Amsa mini kafin Asabar, ranar tashin motar.

Mahaifiyarka,
Petrona