An Sayo Ta Don Laka, An Hana Ta Shiga Laka

Zuwa ga Hajiya, Shugabar kamfaninmu na sarrafa madara.

Assalamu alaikum. Ranki ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da iyali. Allah Ya ƙara wa kamfani albarka.

Sunana Sa'idu, ina zaune a Rafin Guza. Ni ne nake shiga rugagen da ke bayan Rigachikun da sassafe, in tattaro madarar da ake kawowa masana'anta. Wataƙila ba za ki gane fuskata ba, amma yogot ɗin da ke cikin firjin ofishinki, a bayan babur ɗina madararsa ta iso. Na kai kukana ga manajan gona baki da baki, ya ce zai duba. Na koma, ya ce ana dubawa. Shi ya sa na rubuto a fili, inda ke da sauran ma'aikata za ku gani, don kada a ce ina gunaguni a bayan ido.

Zan fara da abin da ya fi mini nauyin faɗa. Hajiya, ƙyashi nake ji. Ina jin ƙyashin Iliya, abokin aikina, saboda ƙaramar motar lantarkin nan da aka ba shi. Ga dalilaina.

Na farko. Ranar da aka sauke motar a gonar kamfani da ke Katabu, ina wurin. Wanda ya kawo ta ya tara mu ya yi bayani: ƙafafunta huɗu duk suna ja, tayoyinta masu faɗi ne don taɓo da yashi, tana hawa tudu, tana tsallake ƙaramin rafi, ba ta shan mai, da hasken rana ake yi mata caji. A bayanta akwai akwatin sanyi. Da na ga akwatin nan, na tabbata tawa ce, domin a duk kamfanin ba wanda ke ɗauko abin da zafi ke lalatawa daga inda babu hanya sai ni. Har ma'aikata suka riƙa dafa kafaɗata suna cewa wahalata ta ƙare. Na je gida na faɗa wa matata, ta yi guɗa, ta shaida wa maƙwabta. Da gari ya waye aka miƙa wa Iliya makulli, aka ce zai riƙa zagayawa da baƙi cikin gona. Har yau maƙwabta na tambayata ina motar.

Na biyu. Ina so ki san hanyar da nake bi. Daga titi in na sauka, kwalta ta ƙare. Sai jar ƙasa mai santsi, sai fadama, sai wani kwazazzabo da ruwa ke cika shi da damina. Babur ɗin ya tsufa, ga jarkoki cike a ɗaure dama da hagu. In ya kafe, sai in kwance jarkokin ɗaya bayan ɗaya, in ɗauke su a ka in tsallakar, in dawo in tura babur, in sake ɗaurewa. Kafin in gama rana ta ɗaga, madara kuwa ba ta jira. Sau nawa na iso masana'anta aka gwada aka ce ta fara tsami, aka mayar. Ni ake yi wa faɗa, matan ruga kuma su yi asarar tatsar safiyarsu. Ga ƙarar babur, wadda in na doshi garke sai 'yan maruƙa su watse, makiyaya su yi ta harara ta. Ita kuwa motar, tafiya take shiru kamar ba ta taɓa ƙasa.

Na uku, kuma shi ne ya sa na kasa haƙuri. A daminar bana, wata safiya bayan an kwana ana ruwa, babur ya zame da ni a gangaren kwazazzabon. Na faɗi, ya danne mini gwiwa, murfin jarkoki ya buɗe, madara ta bi ruwa ina kallo. Matan rugar ne suka ji ihuna suka zo suka ɗaga mini babur ɗin. Shugabarsu, Inna Hajara, tsohuwar da ta amince da mu tun kamfani bai kai haka ba, ta wanke mini ciwon, ta ɗaure da gefen zaninta. Sannan ta ce, "Sa'idu, kai ɗanmu ne, amma mun gaji da tatsa wa laka." Tun daga lokacin rabin matan suka koma kai kindirmonsu bakin titi da kansu. Sauran ma kunyata ce ta riƙe su, kuma ban san iya inda za ta kai ba.

A ranar nan na biya ta gona don in ba da rahoto, ina ɗingishi, jikina duk taɓo. Ina shiga ƙofa sai ga motar ta taho a hankali kan hanyar da aka shimfiɗa wa tsakuwa, tana sheƙi. Iliya na gaba da farar riga, baƙi na baya suna ɗaukar hoto. A cikin akwatin sanyin, ruwan gora ne da lemo. Iliya ya ɗaga mini hannu. Hajiya, na kau da kai kamar ban gan shi ba.

Na huɗu. Mutumin da na kau da kai daga gare shi, tare aka ɗauke mu aiki. Lokacin da matata ta haihu, matarsa ce ta yi jinyarta a asibiti. Naman layyarmu yana zuwa gidansu, shinkafar Kirsimetinsu tana zuwa namu. Yanzu in na ji an yabi tuƙinsa, sai in tashi in bar wurin. Akwai ranar da batirin motar ya ƙare musu a tsakiyar gona, baƙi suka dawo a ƙafa, na ji daɗi a raina. Wannan jin daɗin ya tsorata ni, domin na san daga ƙyashi zuwa hassada ba nisa, kuma ba na so in gamu da Ubangijina da ita.

Shi da kansa ya zo gidana ya tambayi laifin da ya yi mini. Na faɗa masa gaskiya. Sai ya shaida mini cewa tun makon farko ya nemi manaja ya bar ni in riƙa ɗaukar motar da asuba, in dawo da ita kafin baƙi su iso, tunda ba sa zuwa sai rana ta yi. Manaja ya ƙi. Dalilinsa shi ne in ta shiga daji za ta yi datti, fentinta ya kwarzane. Ban faɗi wannan don in jawo wa Iliya matsala ba. Da izininsa na rubuta.

Saboda haka, ranki ya daɗe, ga roƙona. Ki ba da umarni motar ta riƙa fita ɗauko madara da safe, ta dawo gona da rana. Ni zan wanke ta da hannuna kullum. In kina shakka, ki aiko wanda kika amince da shi ya hau bayan babur ɗina safiya ɗaya bayan ruwa, ya kawo miki labari. Sannan a tura babba daga kamfani ya je ya ba Inna Hajara da matanta haƙuri, kafin su juya mana baya gaba ɗaya. In an ga ban cancanci tuƙa ta ba, a ba wani, muddin za ta je ruga. Zan daure. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, ni nake so in tuƙa ta.

Wata mai zuwa Iliya zai aurar da 'yarsa ta fari, kuma ya sa ni cikin masu tarbar baƙi. Ina so in tsaya a ƙofar nan in yi masa murna da zuciya ɗaya. Ki taimake ni in iya.

Allah Ya ja zamaninki, Ya ba ki ikon yin adalci tsakanin waɗanda ke ƙarƙashinki, Ya raba mu da ciwon zuciya.

Wassalam.

Ma'aikacinki,
Sa'idu mai ɗauko madara, Rafin Guza.