Huɗu Bisa Ashirin

Wadata, Yamai, ranar Litinin

Zuwa ga Yaya Kadi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara. Ban kira ki a waya ba don a shagona kunnuwa sun yi yawa, shi ya sa na ba direba wannan takarda.

Kin san shekara talatin ina zana allunan shaguna, babu wanda ya koya mini. Aji uku na yi a kwaleji, amma ni aka kira in zauna cikin alƙalan gasar zane ta matasa, kusa da wata malamar jami'a daga Lamorde. Har sabuwar shadda na ɗinka.

Aka kawo zanen wata ɗaliba, Iklima: lambunan Gamkalley a bakin kogi. Na ce, "Wannan ruwa ne ko kunun kanwa?" Na ba ta huɗu bisa ashirin. Malamar ta dube ni ta ce, "Malam Nassirou, shuɗi ne fa, tas." Na yi dariya kamar wasa nake.

Da na koma shago na buɗe gwangwanin shuɗi. Yaya, launin ƙasa-ƙasa na gani. Sai na tuna wanzamin da ya dawo mini da allo watan jiya, ya ce shuɗin yana huda ido, ni kuwa na zage shi. Ashe ina ta labta shi ne don ba na ganinsa. Kwana uku ke nan ban taɓa burushi ba.

Makina ne ya fitar da yarinyar daga ukun farko. Asabar za a sanar. In na yi magana, duk Wadata za ta ji mai zane ba ya ganin kala, wa zai sake kawo mini aiki? Kada ki gaya wa kowa.

Ƙaninki,
Nassirou

Maraɗi, ranar Laraba

Nassirou,

Muna lafiya, Alhaji na gaishe ka. Na karanta sau biyu, ban ci abincin rana ba.

Kai da girman kanka! Tun kana da wando ɗaya ba ka taɓa cewa ka yi kuskure ba. Ka tuna Baba? Haka ya fara, yana cewa fitila ce ba ta da haske, ya ƙi likita har muka koma jan sa da sanda. Lokacin babu mai cire yanar ido kusa, yanzu akwai. Ban ce yanar ido ce ba, ni ba likita ba ce, je ka a duba.

Ita kuma 'yar mutane me ta yi maka? Ita za ta biya kuɗin kunyarka? Wanzami ma ya riga ya sani, wa kake ɓoye wa?

Allah ya sawwaƙe.

Yayarka,
Kadi

Yamai, ranar Juma'a

Yaya,

Ina gaishe ki. Na je wurin sauran alƙalan na ce su soke duk makin da na bayar, na faɗi dalili a gaban mutum shida. Babu wanda ya yi dariya. Iklima ta zo ta biyu.

Na rufe shago. Talata likita zai duba ni. Ki taho, don Allah, ba zan iya shiga ɗakin nan ni kaɗai ba.

Nassirou