Shekarar Nanay Ta Riga Tamu Shiga

Winnipeg, 4 ga Disamba

Zuwa ga mahaifiyata abar girmamawa, Nanay Perpetua,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da yayata Manang Leticia da mijinta, ina mai alfaharin sanar da ke wani gagarumin al'amari: Jocelyn ta amince. Za a ɗaura aurenmu ranar goma sha tara ga wannan wata a cocin unguwarsu. Mahaifiyarta, mutuniyar ƙasarmu, har ta fara naɗe lumpiya, samosarmu ta biki, tana cika firij.

Ga hikimar tsarin. Izinin ziyarar da na shigo da shi zai ƙare ranar talatin da ɗaya ga Disamba. An riga an ƙara mini kwana sau ɗaya, lauyarmu kuma ta ce idan na sake nema hannu rabbana, da wuya a saurare ni. Amma idan aka ɗaura kafin ranar, sai mu miƙa buƙatar da shaidar aure a hannu, Jocelyn kuma, a matsayinta na 'yar ƙasar nan, ta nema mini bizar ma'aurata. Tsari ne marar ɓaraka, irin na wanda ya fito jami'a da digirin safiyo.

Roƙona ɗaya: ki daina kirana idan kin taso daga kasuwa, don lokacin nan tsakar dare ne. Na sha bayyana miki cewa agogonku yana gaba da namu da awa goma sha huɗu. Wannan ilimin ƙasa ne, Nanay, ba ra'ayina ba.

Ɗanki mai biyayya,
Injiniya Crisanto Villaruel

Iloilo, 5 ga Disamba

Toto,

Muna lafiya, mun gode Allah. Sai da na ajiye wuƙar kifi na karanta saƙonka sau biyu kafin na gano aure kake nufi. Na yi murna, Jocelyn yarinyar kirki ce.

Amma ba bana ba. Ka manta yayarka ta yi aure a watan Mayu? 'Yan ciki ɗaya ba sa aure a shekara ɗaya. Sukob ke nan: albarkar gida sai ta bi ɗaya ta bar ɗaya. Leticia na da ciki wata shida. Ba zan yi caca da jikana saboda hatimin fasfo ba. Ku bari Janairu ta kama, ko rawa kake so zan yi.

Kuma wane ne Injiniya? Ni Toto na haifa.

Allah ya tsare ka,
Nanay

Winnipeg, 9 ga Disamba

Nanay mai daraja,

Ina gaishe ki cikin ladabi, duk da cewa wasiƙarki ta girgiza ginshiƙan shirina. A kimiyyance, babu wata alaƙa tsakanin kalanda da lafiyar jariri. Na yi wa dangin Jocelyn wannan bayani a kan tebur, na tsawon rabin awa. Mahaifiyarta tana jin kalmar sukob ta dafe ƙirji, ta mayar da murfin kwano, ba ta ƙara naɗe ko ɗaya ba. Ƙanin mahaifinta ya tambaye ni ko a jami'a an koya mana yin shiru.

Na koma ga Jocelyn da yaƙinin cewa ma'aikaciyar jinya irinta za ta tsaya a ɓangaren hankali. Ta dube ni ta ce, “Malam Injiniya, ni ba na shiga gidan da uwa ta ce a dakata. Ka auna wannan da ma'auninka.”

Lauya ta ce doka ba ta san sukob ba, ranar talatin da ɗaya kawai ta sani. Idan na dawo gida muka nema daga can, sai a shekara, ko fiye, ba mu ga juna ba. Jiya na duba jirgin dawowa. Na rufe, na sake buɗewa.

Nanay, ban san yadda zan yi ba.

Ɗanki,
Crisanto

Iloilo, 10 ga Disamba

Toto,

Lafiya lau muke. Wannan ce wasiƙarka ta farko da na gane tun karatun farko.

Zo nan, mai ilimin ƙasa. Ba kai ne kullum kake min wa'azin awa goma sha huɗu ba? Na ƙirga da yatsuna a bakin teburin kifi. Ranar talatin da ɗaya, ƙarfe goma na safenku, mu nan mun shiga sabuwar shekara. A nan Leticia ta yi aure, a nan take, a nan na binne cibiyarku. Shekarar nan gidan ita ce shekara. Ka riƙe waya a cocin, kada Fada, limamin cocin, ya buɗe baki sai ka ji ni.

Ka gaya wa surukata ta koma kan lumpiyarta.

Nanay

Winnipeg, 31 ga Disamba, da yamma

Nanay, gwana ta gwanaye,

Gaisuwar ango! An ɗaura. Kin ga abin da kyamara ta nuna miki, ga abin da ba ki gani ba. Tun goma saura kwata muke tsaye gaban bagadi, mutum sittin cikin rigunan sanyi, Fada yana duban agogonsa, ni ina riƙe da waya kamar kyandir. Da muka ji ƙarar tukwane da ƙahonin titinmu na murnar sabuwar shekara, da muryarki tana cewa a fara, rabin cocin kuka, rabi dariya. Ƙanin mahaifin Jocelyn ya ce a karɓe digirina a aika miki. Ban musa ba.

Daga coci ofishin lauya muka zarce, Jocelyn da farar rigarta a ƙarƙashin kwat. Ƙarfe ɗaya da minti ashirin buƙatata ta shiga. Zan zauna har su ba da amsa.

Gargaɗi ɗaya na shari'a: a takarda, ranar aurenmu talatin da ɗaya ga Disamba ce. Idan aka tambaye ki, don Allah ki faɗi haka.

Naki har kullum,
Toto

Iloilo, 1 ga Janairu

Toto da Jocelyn,

Barka da shekara, Allah ya ba da zaman lafiya. Leticia na gaishe ku, ɗan cikinta sai shure-shure yake.

Duk wanda ya tambaye ni zan ce takardarku ta ce talatin da ɗaya. Amma ni ina wurin, kuma ɗaya ga wata ne.

Gobe idan na taso daga kasuwa zan kira. Ka ɗauka.

Nanay