Ruwan da Yashi Ya Shanye

Roni,
4 ga Maris

Yaya Bahijja,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya zafin Kanya Babba? Inna tana gaishe ki. Baba lafiya lau, sai dai ya rage cin abinci.

Albasarmu tana mutuwa, Yaya. Damina ta ɗauke da wuri, masu dam ɗin can sama a jihar maƙwabta kuma sun rage sako ruwa. Ɗan abin da ke gangarowa, mutanen garin su Kawu Daudu, yayan Inna, sun jera buhunan yashi sun tare shi saboda shinkafarsu. Kin san al'adar tun kakanni: su sha sauran ranaku, su buɗe mana bayan sallar Juma'a. Juma'a ta zo ta wuce, wata ma ta wuce. Baba ya je musu da goro, ya dawo da addu'a. Goro fa! Na karanta ƙasidar da masu taron sauyin yanayi suka raba a Kazaure, wai kogi na kowa ne. Sun sha lemo sun tafi.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Musaddiƙ

Roni,
13 ga Maris

Yaya Bahijja,

Bayan gaisuwa da fatan jikin 'yarki Zubaida ya yi sauƙi, gara ki ji daga bakina.

Ranar kasuwar Gwiwa, da mazan garin su Kawu suka tafi cin kasuwa, na ɗauki fartanya na farke buhunan. Ruwa ya taso, ina binsa da gudu ta gefe, ina ihu kamar mahaukaci. Amma kogin ya daɗe a bushe. Yashi ya dinga sha, ruwan yana sirancewa, har ya tsaya a mashayar Fulani, ina hango gonarmu. Na haƙa masa hanya da hannuna. Bai zo ba.

Yanzu shinkafar Kawu ma ta fara ja. Jiya ya zo gida, ya zauna da Baba a zaure, suka gaisa. Ba wanda ya zage ni. Wallahi da sun dake ni, da ya fi mini sauƙi. Masu dam ɗin kuwa ba su ma san an yi ba.

Don Allah ki tambayi maigidanki ko akwai aikin dako a kasuwar Babura. Na kasa haɗa ido da Inna.

Ki gaida yara.

Ƙaninki,
Musaddiƙ