Sau Ɗaya Suke Tayi

Litinin, 3 ga Maris
Wata biyu ke nan ina birnin Hull a ƙasar Turawa, gidan 'yata Ruolan da mijinta Gareth. Ruwa ake yi, kamar jiya. Ruolan ta ce in riƙa koyon kalmar Turanci ɗaya kullum. Ta yau "cup". Kofin shayi ne, ma'aunin gari ne, shi ne kuma abin da ake ba 'yan ƙwallo in sun ci gasa. Shekarata sittin da takwas ana koya min kofi.

Alhamis, 6 ga Maris
Kowace safiya Gareth zai ɗaga buta ya ce, "Shayi?" In ce a'a, kar ka wahalar da kanka. Sai ya ce to, ya haɗa nasa ya wuce. Shi ke nan fa! A garinmu Yantai ko maƙiyinka sai ya yi maka tayi sau uku, ya tura maka kofin a hannu. Da matata Guixiang tana raye da ta ce... bari dai.

Asabar, 8 ga Maris
Ruwa. Ban yi magana da kowa ba.

Laraba, 12 ga Maris
Gareth ya daina tambaya.

Lahadi, 16 ga Maris
Ruolan ta tsare ni a kicin. "Baba, mutumin nan sau sittin yana maka tayi kana gwasale shi. Cewa yake ba ka ƙaunarsa." Na ce ni mayunwaci ne da zan karɓa a tayin farko? Ta ce, "A nan in ka ce a'a, a'a ce." Raina ya ɓaci, na ce to a mayar da ni gida, tunda na zame muku kaya. Na tsaya ina jira ta hana ni. Sai ta ce to.
Ta sayi tikiti, na ranar ashirin da tara. 'Yar da na haifa ma ta zama tasu.

Asabar, 22 ga Maris
Ba kowa a gidan Yantai sai hoton Guixiang da ƙura. Ba na son komawa. A littafin nan kaɗai zan iya faɗa.

Alhamis, 27 ga Maris
Na fito da ganyen shayin da na zo da shi, na dafa da kaina, na miƙa wa Gareth da hannu biyu. Ya yi murmushi, ya ce a'a, kar in wahalar da kaina. To, ai na koyi darasi, a'a a'a ce. Na ɗauke kofin na zubar.

Juma'a, 28 ga Maris
Ruolan ta ce Gareth bai ci abincin rana ba jiya. Ashe ta yi masa bayanin al'adarmu, ya yi sati yana haddace yadda ake ƙin tayi cikin ladabi. Jira yake in sake miƙa masa.
Na ce wawa. Ta ce wa? Na tashi na shiga haɗa kayana.
Jirgi gobe ƙarfe goma. Har yanzu ba ta ce in zauna ba, kuma ba na zaton za ta ce. Amma in ta faɗa, ko sau ɗaya ne, ko a bakin ƙofa ne, ba zan jira na biyu ba.