Fiton da ke Cikin Akwatin Shelar Baba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Yayana Ma'aruf, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Haulatu da su Muhsin da Mardiyya, ya kuma yi wa nemanka albarka a Legas. Mu nan gida muna godiya ga Allah. Damina ta yi kyau, geron gonar bayan gari ya shigo, wake ne kawai tsutsa ta ɗan taɓa. 'Yar'uwarmu Zubaida ta sauka lafiya, an samu namiji, an sa masa Anwar. Ƙanwarmu Murja ta shiga izu na arba'in. Na ba Jafaru direba wannan takarda ya kawo maka hannu da hannu in ya sauke shanun da ya ɗauko daga Mai'aduwa, domin sati uku ke nan ina kiran wayarka ba ka ɗauka. Ban ga laifinka ba, ni na jawo. Amma don Allah ka daure ka karanta har ƙarshe, maganar Baba ce, kuma ta fi ƙarfina.

Ka san tun bayan babbar salla muryar Baba ta dushe. Mutumin da ya yi shekara talatin da wani abu yana shela a kasuwarmu ta Laraba, wanda in ya tsaya gindin tsamiya ya ce an tsinci akuya ko yaro ya ɓata, har 'yan kara masu sayar da shanu suna ji, sai ga shi 'yan tumatur da ke gabansa ma suna cewa ya maimaita. Sarkin Kasuwa ya kira shi cikin mutunci ya ce ko za a samo wanda zai riƙa taya shi. Baba ya dawo gida ranar bai ci tuwo ba. Shi ya sa na ce zan haɗa masa amfilifaya da hannuna, wadda za ta yi aiki da batirin mota, ya riƙa magana a hankali akwati yana ɗaga masa. Na samo katako na yi akwati, na samu lasifika irin ta masallaci a wajen masu gwangwan, na naɗa taransifoma da kaina. Abin da ya rage taransista, waɗanda su ne ke ɗaukar nauyin ƙarar, shi ne na roƙe ka ka nemo mini masu lamba 3055, masu hular ƙarfe, tunda a nan jabu sun yi yawa. Ka aiko guda shida a cikin kwalbar man shafawa, ka cusa auduga don kada su bugu.

Na auna su da mita ɗaya bayan ɗaya, na zaɓi biyu da ƙarfinsu ya zo kusan daidai, don in ɗaya ya fi ɗaya ja, shi zai yi ta zafi har ya ƙone. Na ɗaure su a farantin alminiyon, na liƙe da dalma, na gwada da muryata a tsakar gida. Wallahi Yaya, tas take fita, har kajin Inna suka watse. Ranar Laraba na ɗora akwatin a baro na kai gindin tsamiya. Baba ya sha babbar riga, ya karɓi makirfo, ya yi bisimilla ya fara. Muryar ta kai har kara, amma tare da ita sai ga wani fito siriri, da wani ƙugi kamar ana jan buhu a kan yashi. Yana yin magana abin ya lafa, yana tsayawa ya dawo. Sada mai nama ya ɗaga murya ya tambayi Baba ko ɗan kyanwa muka kulle a cikin akwatin, wata mai fura kuma ta ce a'a, angulu ce ke minshari. Kasuwa ta kwashe da dariya. Baba ma ya yi dariyar, ya ce wa Sada ai kyanwar ta ji ƙanshin ruɓaɓɓen namansa ne, amma na ga yadda ya ajiye makirfon.

A daren ban yi tunanin komai ba sai taransistocin nan. Na canza biyu na sa wasu biyu daga cikin naka, sati ya zagayo, fiton yana nan. Na canza wayoyi, na canza kafasita, na nisanta makirfo da lasifika, duk a banza. A nan ne na kira ka na faɗi abin da na faɗa, cewa ka tsinto jabu a bakin titi ka aiko, ka sa an yi wa mahaifinmu dariya a bainar jama'a, kuma da abin gidan surukanka ne da ba ka yi haka ba. Har yanzu in na tuna wannan kalma ta ƙarshe sai in ji kamar in nutse. Ka kashe wayar.

Daga nan na shiga nema da kaina. Na je Daura, na bi shagunan masu gyaran rediyo daga bakin kasuwa har wajen rijiyar Kusugu, da ɗan tsumma da fetur a aljihuna. Duk wanda aka miƙo mini sai in goga rubutun da ke kan hularsa, in ya goge na san na banza ne. Wasu kuma tun a tafin hannu za ka ji ba nauyi, kamar murfin kwalbar lemo. Wani mai shago har ya ce in ba saye zan yi ba in daina wanke masa kaya. A ƙarshe aka kwatanta mini wani dattijo a Kongolam, Malam Dabo, wanda ke sayen tsofaffin kayan sauti da ake shigowa da su daga Nijar yana ciro na cikinsu. Na hau mota na je. Ya zaunar da ni a tabarma, ya juye mini gwangwani guda na tsofaffin taransista, muka wuni muna aunawa har muka samu biyu da suka yi daidai kamar tagwaye.

Kafin in tashi na ciro ɗaya daga cikin naka na nuna masa, ina cewa ya ga irin abin da ɗan'uwana ya aiko mini. Ya jujjuya shi, ya goga, rubutu bai goge ba. Sai ya ɗauko ƙaramin zarto ya yanke hular, sannan ya yanke ta wani jabu da ke gefensa, ya ajiye su a gabana. Na jabun, ƙwayar da ke ciki ba ta wuce ƙwayar riɗi ba. Naka kuwa ta kai ƙwayar dawa, an liƙe ta tsaf. Ya ce rabon da ya ga sabo mai kyan wannan ya fi shekara goma, kuma wanda ya aiko shi ba ƙaramin yawo ya yi ba kafin ya samu. Yaya, na tashi na yi masa sallama. Tun daga Kongolam har gida ban san inda motar ta bi ba. Abin da ke raina shi ne na zalunce ka, sannan kuma in ba taransista ba ne, to mene ne?

Duk da haka na sa na Malam Dabo, don in cire shakka. Ranar Litinin bayan la'asar na kai akwatin zaure na ce yau sai na gano. Na yi magana, tas. Na kira Murja ta karanta Fatiha, tas. Maƙwabcinmu ya shigo ya yi sallama a ciki, tas. Sai Baba ya dawo daga masallaci na miƙa masa. Yana karɓa fiton ya dawo. Wannan karon ban kalli akwatin ba, shi na kalla. Sai na lura ba lokacin da yake magana abin ke fitowa ba, lokacin da kafaɗunsa ke ɗagawa ne. Na ce Baba, riƙe shi kusa da baki, kada ka ce komai. Ya riƙe. Zauren nan ya cika da ƙara, fito in ya ja numfashi, ƙugi in ya sake, kamar ruwa na tafasa a ƙasan tukunya. Na karɓi makirfon na ɗora a ƙirjinsa ta dama, shiru-shiru. Na mayar hagu, sai ƙarar ta tashi. Murja ta toshe kunnuwa ta fashe da kuka.

Wata biyu ina zargin ƙarfe, ina zarginka, ina goge kayan mutane da fetur, ashe akwatin ba ya da laifin komai. Abin da aka ba shi yake ɗagawa. Ƙirjin mahaifinmu ne duk kasuwa ta ji ta yi wa dariya, ni kuma na tura akwatin a baro na kai musu.

Inna ta jiyo ƙarar daga cikin gida ta fito ba ko mayafi. Ta tsaya bakin ƙofa ta ce in kashe, ita ta san wannan ƙara, wata huɗu ke nan tana kwana da ita. Nan ta faɗi abin da ya sa ta rantse ba za ta faɗa ba: yana tari da jini, tsummokaran da yake tofawa ita ke ƙonawa a murhu kafin mu tashi, kuma babbar rigar da yake ta sawa ko a gida don kada mu ga yadda ya rame ne. Ni da nake gane jabun taransista daga nauyinsa a tafin hannu, ban gane mahaifina ya zube ba, alhali kullum tare muke cin tuwo. Shi kuwa Baba sai ya gyara zama ya ce in kashe kada batir ya ƙare a banza, ya ce bai taɓa ganin abu mai gulma irin wannan akwati ba, ya fi matan bakin rijiya.

Washegari da ƙyar muka kai shi asibiti a Daura, sai da Kawu ya sa baki. An ɗauki hoton ƙirji, an karɓi majina. Likita ya nuna mini hoton a jikin taga, ɓangaren hagu ya yi fari kamar an shafa alli. Ya ce gwajin tarin tibi bai nuna komai ba, don haka ba zai iya cewa ga abin da ke nan ba sai an je Katsina an yi wani hoton da ya fi wannan, kuma kada a wuce sati biyu. Na tambaye shi me yake tsoro, ya ce mu dai je tukuna. Ya kuma ce shela ta ƙare a yanzu, ko da akwati ko babu.

To a nan muka tsaya, Yaya. Baba ya ce ba inda za shi. Ya ce duk wanda ya sani da aka kai Katsina a kwance aka dawo da shi, kuma shi ba zai bar tsamiya wani ya tsaya ba yana da rai. Inna ta yi kuka, Kawu ya yi faɗa, liman ya zo ya yi nasiha, ya saurare su duka ya yi godiya ya ce ya ji. Ni da na matsa, cewa ya yi yaron da aka haifa jiya ba zai koya masa ciwonsa ba. Larabar da ta wuce na ɓoye batirin na ce ya mutu, sai ya tafi kasuwa haka nan ya yi shelar da baki. Sada mai nama ne ya riƙo shi ya kawo gida, shi kansa Sada idonsa ya yi ja, yana ta cewa a yafe masa maganar kyanwa.

Kai ka san tun muna yara akwai maganar da Baba ba ya karɓa daga bakin kowa sai naka. Kai ka sa ya bar noman fadama lokacin ciwon bayansa, kai ka sa ya yarda Murja ta ci gaba da makaranta. A waya zai ce maka lafiyarsa ƙalau, har ya ba ka dariya, don haka waya ba za ta yi ba. Sai ka zauna a gabansa. Daga cikin sati biyun da likita ya ce, yau kwana biyar sun tafi, kafin takardar nan ta iso ka wasu biyu za su bi su. Jafaru zai juyo ranar Asabar, na roƙe shi ya bar maka wuri a gaba, ya ce ko ba ka shirya ba zai jira ka har azahar.

Maganar da na faɗa maka kuwa, ba ni da abin karewa. Na yi kuskure, na kuma yi rashin kunya ga wanda ya girme ni. In ka ga dama ka zo kada ka yi mini magana, ka wuce ni a zaure kamar ba ka gan ni ba, zan ɗauka. Amma ka zo.

Inna tana gaishe ka, ta ce in gaya maka ba ta iya barci. Kawu yana gaisuwa, haka Zubaida da maigidanta, da Murja. Ka gaishe mini da Anti Haulatu, ka shafa mini kan Muhsin da Mardiyya. Baba bai san na rubuto ba. Allah ya kawo ka lafiya, ya sa ka same shi a zaune.

Wassalam. Ni ne ƙaninka mai neman afuwarka,
Saminu