Gurabun da Na Kulle

Litinin, 3 ga Maris

Yau a laburare na buɗe jerin littattafanmu na intanet, wanda mu shida muke rubutu a ciki. A ƙasan kowane littafi akwai layi: wane ne ya yi gyara na ƙarshe. Shekara bakwai matata ce ke shigar da littattafai, don haka sunanta ne a kusan ko'ina. Wata biyar da rasuwarta, jerin bai samu labari ba.

Sai na ga an taɓa kundin tsuntsaye. Mai Rajista ya gyara lambar kantar da littafin yake, sunanta ya tafi, nasa ya hau. Ya kuma goge abin da ta rubuta a gurbin bayani: "Shafi na arba'in ya yage. Ba a yi asara ba." Wai ba maganar ofis ba ce.

Talata, 4 ga Maris

Na je wajen Shugabar laburare da fuskar mai kishin aiki. Na ce hannu da yawa na ɓata mana jeri, a bar ni in kulle gurabun fom: mai gyara ya gani, ya karanta, amma ba ya iya taɓawa. Ta yaba mini ƙwarai. Ban taɓa shan yabo a kan ƙarya mai tsabta irin wannan ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Na kulle suna, marubuci, kanta, matsayi, bayani. Duk sun koma toka-toka. Mai kula da kwamfutoci ya leƙo ta kafaɗata: "Malam, ai ko an gyara, tsohon rubutu yana nan a tarihi." Na sani. Amma wanda ke tarihi sai an tono shi. Ni so nake in buɗe in tarar da ita, kamar da, tana zaune da tabarau a goshi tana neman tabarau.

Lahadi, 9 ga Maris

'Yata ta zo da yara. Na ba ta labari ina jiran dariya. Ta ci gaba da ninke kaya. "Baba, laburare ne ko ɗakin Mama?" Bakin uwarta ta ɗauko, har da inda ake ajiye wuƙar.

Laraba, 12 ga Maris

Ba komai. Na karanta bayanan matata na harafin K da abincin rana. Ta fi yawancin marubutan iya rubutu, kuma ta fi su gajartawa.

Juma'a, 14 ga Maris

Wani tsohon malamin lissafi ya yi awa guda a kanta ta bakwai yana neman littafin da ya koma ta goma sha biyu tun da aka sake jera ɗakin. Da sanda yake tafiya. Mai Rajista ya nuna mini allo ya ce: "Ranka ya daɗe, mun ga kuskuren, hannu ne ba mu da shi."

Da matata tana nan da ta cinye ni ɗanye. Ita da ke dawowa daga bakin ƙofa don lamba ɗaya.

Asabar, 15 ga Maris

Ina cikin harafin T na ci karo da kaina. Tarihin jiragen ruwa, mai koren bango. Matsayi: an ara. Bayani: "Mijina ya ɗauka tun bara. Kada kowa ya jira shi."

Yana ƙarƙashin rediyo a falo. Na tsaya a shafi na sittin da biyu. Mutum uku na layin jiransa duk da gargaɗinta.

Talata, 18 ga Maris

Na kai littafin. Littafin da aka dawo da shi dole a rubuta an dawo da shi, doka ce, ba ni na kafa ta ba. Na buɗe gurbin matsayi. Tun da na riga na shiga, na buɗe na kanta, saboda malamin lissafi kawai. Sauran ma na buɗe, don sun yi muni a toka-toka.

Na danna ajiye. Sunana ya hau inda nata yake. Na zauna ina kallonsa har shayina ya huce.

Bayaninta ban goge ba. Na dai ƙara a ƙasa: "Ya dawo da shi. Bai gama ba."